Ɗiyata mai ciwon sukari ta samu sauƙi, kakarta ta ce a daina allura

Uwar_Biyu_Ƙofar_Marusa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, sai yau da al'amari ya sha mini kai. Ɗiyata ta fari shekararta takwas. Wata huɗu da suka wuce ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta koma fitsarin kwance wanda ta bari tun tana shekara uku, tana cin abinci fiye da da amma tana ramewa, har na lura kiyashi na taruwa a inda ta yi fitsari. Sau biyu ana ba mu maganin zazzaɓin cizon sauro a wani kyamis, sai ranar da ta kama amai tana jan numfashi da ƙarfi kamar wadda ta sha gudu muka garzaya asibiti. Kwananmu tara a can, aka ce ciwon sukari ne nau'i na farko, aka koya mini yi mata allurar insulin safe da yamma.

Bayan mun dawo gida, Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta sa aka kawo jiƙo daga ƙauye, akwai shuwaka da garafuni da wasu saiwoyi da ban san su ba. Daga nan awon sukarin jinin yarinyar ya yi ta sauka, har likita ya rage allurar safe daga yunit 12 zuwa 5. Yanzu Hajiya ta ce ai magana ta ƙare, yarinya ta warke, a daina huda mata jiki kullum. Maigida ya rasa inda zai sa kansa tsakanin mahaifiyarsa da likita. Don Allah, akwai wanda ɗansa ya taɓa warkewa daga wannan ciwo har aka ajiye allura?

Abu_Sadik_Daura:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ina roƙonki da girman Allah kada ku dakatar da allurar nan ko da ta kwana ɗaya ce. Abin da kika faɗa kamar labarin gidana kike bayarwa. Yarona yanzu shekararsa 14, an gano ciwon yana da takwas, kuma a wata na uku awonsa ya yi kyau har na riƙa zargin ko an yi mana kuskure ne a asibiti. Ni da kaina na yanke shawarar ajiye allura, babu wanda ya tilasta mini. Kwana goma na farko lafiya lau yake wasansa a ƙofar gida, ina ta yi wa mutane albishir. A dare na goma sha ɗaya ya tashi da ciwon ciki da amai, bakinsa na wani irin wari kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce misali, kafin asuba ba ya gane kowa. A motar maƙwabcina muka ɗauke shi, ina riƙe da kansa a cinyata ina kiran sunansa ba ya amsawa. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Shekara shida ke nan, amma har yau in na tuna da wannan tafiya sai barci ya gagare ni.

Nas_Mai_Yara:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara, kuma abin da ya faru da ɗiyarki da ɗan Malam Abu_Sadik sananne ne a wurinmu. Likitoci na kiran wannan lokaci da sunan da ma'anarsa ita ce kwanakin amarci. A bayan ciki akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas, ita ke samar da insulin, shi kuma insulin shi ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki su samu ƙarfi. A nau'i na farko, garkuwar jikin yaro ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke wannan aiki. Lokacin da aka gano ciwon ba duka suka mutu ba, akwai raguwa, sai dai sun galabaita saboda yawan sukari. Da aka fara allura suka samu hutu sai su ɗan farfaɗo su taimaka, shi ya sa likita ke rage yawan allurar. Wannan na iya ɗaukar makonni ko watanni, wani yaron ma har ya haura shekara, amma lalacewar ba ta tsaya ba, kuma wata rana buƙatar allurar za ta sake hawa. Da an sha jiƙon da ba a sha ba, haka za ki gani. Dacewa ce kawai aka yi, jiƙon ya shigo gidan daidai lokacin da sauƙin zai zo.

Malam_Gobarau:
Ina girmama aikinki, Malama Nas, amma ina ganin muna saurin raina abin da muka gada. Mahaifina ya shekara tara da ciwon sukari, kuma tun da ya lizimci zogale da hulba ya rage tuwon dare, likitansa da kansa ya rage masa ƙwayoyi. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. To me ya sa za a ce wa uwa ɗiyarta ba za ta taɓa warkewa ba? Wa ya san gaibu?

Likitan_Yara_KT:
Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma ban ɗauke ta a matsayin jayayya ba. Ciwon mahaifinka, Allah ya ƙara masa lafiya, nau'i na biyu ne bisa yadda ka kwatanta. Jikinsa na samar da insulin, sai dai ba ya aiki yadda ya kamata, don haka gyaran abinci da motsa jiki da rage ƙiba da ƙwayoyi duk suna taimakonsa. Yarinyar da ake magana a kanta kuwa ma'ajiyar ce ke ƙarewa ɗungurum, kuma babu ganyen da zai zama insulin a cikin jini. Suna ɗaya ne ya haɗa cututtukan biyu, amma hanyarsu daban.

Game da hadisin, ni ina ganin hujja ce a gare mu. Kafin 1921 yaron da ya kamu da wannan ciwo ba ya daɗewa a duniya, ko ɗan sarki ne. A shekarar ce Frederick Banting da Charles Best suka yi aikin da ya kai ga samun insulin a birnin Toronto na Kanada, kuma a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, wanda ya riga ya zama ƙashi da fata, ya kuma tashi ya rayu shekara 13 bayan haka. Maganin da Allah ya saukar ke nan, ya sanar da wanda ya so. Dalilin da ya sa ake yin sa ta allura shi ne, in aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Zan ƙara da abu ɗaya, domin na san irin maganganun da ake yaɓa wa iyaye mata: ba shan alewa ne ya jawo wa yarinyar nan ciwo ba, ba kuma sakacin mahaifiyarta ba ne.

Goggon_Yara_Rafin_Daɗi:
Duk kun yi bayani mai kyau, amma babu wanda ya taɓo inda gizo ke saƙa. Uwar yarinyar nan ba likita take jin tsoro ba, uwar mijinta take jin nauyi. Ɗiyata, ni tsohuwa ce mai jikoki, kuma na san abin da ke zuciyar Hajiya: tana ganin ana soka wa jikarta ƙarfe sau biyu a rana, hankalinta ba zai kwanta ba, kuma jiƙon nan shi ne iyakar abin da hannunta zai iya. Idan kika ce mata maganinta ba ya aiki, kin ce mata ita ba ta da amfani ke nan. Kada ki yi musu da ita ko sau ɗaya. Ki sa ɗanta ya roƙe ta ta raka ku asibiti ranar ganin likita, a ce ana son babba ya ji bayanin da kunnensa, gani ya kori ji. Sannan ki ba ta wani aiki a cikin jinyar, kamar ta zama ita ke tabbatar da yarinya ta ci abinci bayan allura, ko ita ke yi mata tofi da addu'a kafin barci. Tsoho in ya ga ana buƙatarsa, rabin rigimar ta kwanta.

Ɗan_Batagarawa:
Shawarar Goggo ta yi. Ni a ganina a bar yarinyar ta ci gaba da shan jiƙon tare da allurar, kowa ya samu nasa, tunda shuwaka ai miya muke yi da ita.

Nas_Mai_Yara:
Shuwakar miya daban, jiƙon da aka dafa da saiwoyin da uwar yarinyar ma ba ta san sunansu ba daban. Babu wanda ya san ƙarfinsa, kuma ƙodar yaro mai ciwon sukari abar tattali ce tun daga yanzu. Bayan haka, abu mai ɗaci yakan tayar da zuciya ya hana yaro cin abinci, alhali an riga an yi masa allura, kuma daga nan ne sukari ke faɗuwa. In ba yadda za a yi, a kai jiƙon a nuna wa likita a faɗa masa gaskiya, kada a ɓoye.

Uwar_Biyu_Ƙofar_Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Abu_Sadik, na karanta wa maigida labarinka jiya da dare, ya yi shiru tsawon lokaci bai ce komai ba. Goggo, kin faɗi abin da ke raina. Tunda na samu masu sani, bari in ƙara tambaya. Wuta ba ta zama a unguwarmu, sai na riƙa kai kwalbar insulin gidan maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara. Shekaranjiya na tarar ta daskare, na bari ta narke na yi amfani da ita. Na yi daidai kuwa?

Likitan_Yara_KT:
A'a, 'yar'uwa, ki ajiye wannan kwalbar ki buɗe sabuwa. Insulin ɗin da ya daskare ya lalace ko da ya narke ya koma kamar yadda yake. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 da 8, nesa da sashen ƙanƙara. Wanda aka fara amfani da shi yana iya zama a wuri mai sanyi a cikin ɗaki kimanin mako huɗu, muddin zafin bai haura digiri 30 ba, don haka ki rubuta ranar da kika buɗe a jikin kwalbar. Matsalarmu ita ce a watan Afrilu da Mayu zafin Katsina na wuce digiri 40.

Injiniya_Mashi:
A nan ne fasahar gida ke da rana. A garinmu ƙanwata haka take yi wa ɗanta: ta samu tukunyar ƙasa babba da ƙarama, irin waɗanda ba a shafa musu komai ba, ta sa ƙaramar a cikin babbar, ta cika tsakaninsu da yashi, ta jiƙa yashin safe da yamma, ta rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar yana bushewa yana tafiya da zafin, daidai yadda ruwan randa ke sanyi, kuma abin ya fi aiki a lokacin da iska ta bushe, wato daidai lokacin da muka fi buƙatarsa. Wani malami a Dutse ta Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin lura kawai shi ne a sa kwalbar cikin ɗan mazubi mai murfi, kada ruwa ya taɓa bakin robar da ake soka allura ko ya goge rubutun jikinta.

Nas_Mai_Yara:
Haka ne, mu ma muna koyar da wannan. Tunda an zo kan kwalba, akwai abu biyu da nake yawan gyara wa iyaye. Na farko, a duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji: idan an rubuta U-100 a kwalba, dole sirinjin ma ya zama U-100. Akwai sirinji mai U-40, kuma wanda ya ja insulin mai U-100 da shi zai yi wa yaro ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta ba tare da ya sani ba. Na biyu, a riƙa sauya wurin allura tsakanin ciki da cinya da damtse da mazaunai. Yara na son a yi musu a wuri ɗaya saboda ya daina zafi, amma wurin kan yi ƙululu mai tauri, kuma maganin ba ya shiga jini daidai daga nan. Idan insulin ɗin mai kama da madara ne, irin su Mixtard, a murza kwalbar a hankali tsakanin tafin hannu har ta gauraya, kada a girgiza ta da ƙarfi.

Malamar_Aji_Uku:
Ina so in ja hankalin iyaye kan makaranta, domin yaro ya fi daɗewa a hannunmu da rana fiye da hannunku. Shekarar da ta wuce wata ɗalibata ta fara zufa tana kyarma ana tsakiyar darasi, na yi mata tambaya ta amsa mini da wata magana marar kan gado, sannan ta fashe da kuka. Wasu malamai suka ce iska ce, har an tafi kiran mai ruƙiyya. Yayarta da ke aji shida ce ta shigo da gudu ta ciro sukari daga aljihun jakarta ta ba ta, kafin minti goma yarinya ta dawo hayyacinta tana tambayar me ya faru. Iyayen ba su taɓa gaya mana tana da ciwon ba, wai don kada a riƙa nuna ta. Don Allah ku sanar da malamin aji da na Islamiyya, ku ce a bar yaro ya fita fitsari ko ya sha ruwa ko ya ci wani abu duk lokacin da ya nema, kuma kada a yi masa horon da zai hana shi cin abincin tara.

Abu_Sadik_Daura:
Malama ta faɗi gaskiya. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce, in awo ya sauka ƙasa da 70, a ba yaro sukari mai ƙwaya biyu ko uku, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi, a jira minti 15 a sake awo, in ya hau sai a bi shi da abinci mai riƙe ciki kamar burodi. Idan ya suma ko yana jijjiga, ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti mafi kusa.

Ɗan_Batagarawa:
Malam, 70 kuma? Na'urar gidanmu ba ta taɓa nuna fiye da 20 ba.

Likitan_Yara_KT:
Ku duka kuna da gaskiya, ma'auni ne iri biyu. Wata na'urar tana lissafi da mg/dL, wata da mmol/L, kuma in ka ninka na biyun sau 18 za ka samu na farkon. Saboda haka 70 a na'urar Malam Abu_Sadik daidai yake da 3.9 a taka. Kowa ya san irin tasa, kuma ya rubuta awon a littafi da lokaci da abin da aka ci, domin wannan littafin ya fi mana amfani fiye da duk bayanin baki. Akwai kuma awon HbA1c da ake yi duk wata uku, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a tsawon lokacin, kuma akasari muna fatan ya tsaya ƙasa da kashi 7.

Mai_Sukari_Tun_Yarinta:
Na ga iyaye da ma'aikata sun yi magana, bari in yi tawa a matsayin wadda ta taɓa zama yarinyar. Ina da shekara tara aka gano nawa, yanzu ina da 27, na yi karatu, na yi aure, ina goyon ɗana na biyu. Na faɗi haka ne saboda na san abin da ke hana iyayen 'ya mace barci, wato wa zai aure ta, kuma za ta haihu kuwa. Akwai wanda ya fasa nemana da ya ji labarin allura, ban ɓoye muku ba, amma wanda Allah ya nufa ya zo, kuma tun kafin a kai kuɗin gaisuwa na zaunar da shi na nuna masa na'urar awona.

Abin da ya fi ƙona mini rai ina ƙarama ba zafin allura ba ne. Tukunyata daban ce a gidanmu, kowa na cin shinkafa da miya ni ana ba ni wake da acca kullum, kuma ranar Sallah ƙannena na cin cincin ina kallo. Sakamakon haka na koyi sata. Nakan ɓoye alewa a cikin matashin kai, in awo ya hau a yi mini faɗa, sai na koyi rubuta lambar ƙarya a littafi. Yaya Uwar_Biyu, in kin ga awo ya hau kada ki tambaye ta da tsawa me ta ci, ki tambaye ta kamar kuna neman bakin zaren tare. Kuma ki fara koya mata awon da hannunta tun yanzu, allura kuwa sannu a hankali, kina tsaye a kanta.

Hajiya_Dutsin_Safe:
To amma ai mu abin da muka sani shi ne mai ciwon sukari ba ya cin shinkafa da tuwon masara da taliya, sai acca da wake da alkama. An canza ne?

Mai_Ilimin_Abinci:
Hajiya, wannan jerin an gina shi ne a kan manya masu ƙiba, kuma ko su ɗin ma an tsaurara fiye da kima. Yaro mai shekara takwas girma yake yi, in aka hana shi abinci zai tsumbure, kuma ga allura a jikinsa tana jiran abin da za ta yi aiki a kai. Acca da alkama ma suna zama sukari a jini kamar dawa da gero. Abin da ake kula da shi shi ne yawa da lokaci da abin da aka haɗa. A auna tuwo da mara ɗaya a kullum don a san gwargwadonsa, a yawaita miyar kuka ko kuɓewa ko zogale, a haɗa da wake ko ƙwai ko kifi ko awara gwargwadon hali. Koko da kunu suna saurin ɗaga awo ko ba a sa sukari ba, don haka a rage kofin a haɗa da ƙosai. Fura da nono ba haram ba ce gare ta, a dama ba sukari, a ƙidaya ta a matsayin abinci. Abin da za a nisanta a kullum shi ne lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi da rake, sai lokacin da sukari ya faɗi. Wanda ke kan allurar gauraye ta safe da yamma kuwa, irin su Mixtard, dole ya ci a kan lokaci, da ɗan abin taɓawa da hantsi da kuma kafin barci. Shawarar da na fi ba iyaye ita ce gida duka ya ci tukunya ɗaya.

Baban_Yara_Ɓaure:
Duk wannan bayani yana da daɗin ji, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni manomi ne. Kafin in kai yarona ganin likita a Katsina sai na fara isa Daura, sannan in kama wata tafiyar ta kusan kilomita 80, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga insulin, ga tsinken awo da ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, wanda shi ya fi cinye ni. An ce a auna sau huɗu a rana, ni sau ɗaya nake iyawa, wata rana ma babu. Bara sai da na sayar da tunkiya biyu. Ba ina neman taimako ba ne a nan, ina so ne masu ba da shawara su san cewa wani lokaci abin da ke kai mutum wurin mai jiƙo ba jahilci ba ne.

Likitan_Yara_KT:
Baba, maganarka ta fi duk abin da na rubuta nauyi. Idan tsinken ya yi kaɗan, kada a ƙone shi kullum a lokaci ɗaya: yau a auna da asuba, gobe kafin abincin rana, jibi kafin barci, ta haka a mako guda za mu ga hoton yinin gaba ɗaya. A kuma ajiye 'yan kaɗan don ranar rashin lafiya, domin ranar da yaro ke zazzaɓi ko amai ita ce mafi haɗari, kuma ko ba ya cin abinci ba a dakatar da insulin, sai dai a tuntuɓi likita kan yawansa, a yawaita ba shi ruwa. Ka tambayi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko suna da hanyar haɗa ka da wani tallafi. Akwai shirin Life for a Child da ke da cibiya a Ostireliya, wanda ke taimaka wa yara da insulin da kayan awo ta hannun asibitoci a ƙasashe da dama har da Najeriya. Ka kuma bincika a hukumar KATSCHMA ta inshorar lafiya ta jiha ka ji abin da tsarinsu ya ƙunsa.

Malam_Gobarau:
Na karanta komai, kuma na karɓi bambancin da Likita ya yi tsakanin ciwon mahaifina da na yarinyar. Ban ce a ajiye allura ba, kuma ba zan ce ba. Abin da har yanzu bai kwanta mini ba shi ne kalmar har abada. Wanda ya sanar da mutane insulin a 1921 yana da ikon sanar da su abin da ya fi shi gobe, saboda haka a bar iyaye da fatansu. Wani abin kuma, tunda azumi na tafe: yarinya mai shekara takwas azumi bai hau kanta ba, kuma ko baligi ne marar lafiya, aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba shi rangwame. Kada a bari gasar yara ta wa ya fi yawan azumi ta ja ta.

Mai_Sukari_Tun_Yarinta:
Allah ya saka, Malam. Ina da shekara 12 na ɗauki azumi a ɓoye don kada ƙawayena su yi mini dariya, ban kai la'asar ba aka kwashe ni. Yanzu ma sai likitana ya duba ni kafin watan ya kama, kuma sharaɗinmu shi ne in awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 in karya nan take.

Uwar_Biyu_Ƙofar_Marusa:
Na dawo in sanar da ku inda aka kwana. Maigida ya tsaya a kan cewa allura ba za ta tsaya ba, kuma shi da kansa ya yi mata ta yamma jiya, karo na farko, hannunsa na rawa. Na sayi tukwane biyu a kasuwa na haɗa kamar yadda Injiniya ya kwatanta. Hajiya kuwa ta ce ba za ta je asibiti ba, wai ba ta son warin wurin, kuma har yanzu tana aiko da jiƙon kowace safiya. Na daina ba yarinyar, ban kuma gaya wa Hajiya cewa ba na ba ta ba, kuma wannan ɓoyon yana damuna. Na dai roƙe ta ta riƙa zama da jikarta lokacin karin kumallo, ta amsa da murna.

Goggon_Yara_Rafin_Daɗi:
Ɓoyon ba zai ɗore ba, ɗiyata, yara ba su da sirri, wata rana jikar ce za ta faɗa mata. Gara ɗanta ya same ta su biyu ya gaya mata likita ya hana haɗawa, laifin ya tafi kan likita. Akwai wata 'yar'uwar Hajiya ko aminiyarta da take jin maganarta?

Ɗan_Batagarawa:
Ni dai har yanzu ina ganin da an bar tsohuwa da shuwakarta zalla, an cire saiwoyin, da an huta.

Uwar_Biyu_Ƙofar_Marusa:
Akwai ƙanwarta da ke Sabuwar Unguwa, Goggo, ita ma tana shan maganin hawan jini, kuma ba ta wasa da ranar asibiti. Zan sa maigida ya je ya gaishe ta ranar Juma'a. Ranar Alhamis ta sama ce ranar ganin likitanmu, zan tafi da gorar jiƙon da littafin awo. Malama Nas, awon asubar yau 64 ne, na ba ta sukari ya hau zuwa 110. In jira Alhamis ɗin, ko in kira su tun yau?

Nas_Mai_Yara:
Ki kira su yau, kafin allurar yamma. Ki gaya musu awon kwana ukun da suka wuce da abin da ta ci daren jiya, kuma ki sake auna ta kafin ta kwanta.